Ƙera samfurin taragon kaya na zamanin tururi: daga ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Yayana da ke zaune a Amurka ya aiko min da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa na sikelin HO (wato wanda aka rage girman na gaske wajen sau 87), kan jirgi na tururi da taragun kaya da layinsa. Na nuna wa wani dattijo da ya san harkar, ya jujjuya su ya ce ba 'yan zamani ɗaya ba ne, wasu ma ba a taɓa yin irinsu a zahiri ba. Ina da hannu a sassaƙa da fenti, kuma ina so in riƙa ƙera nawa su fito daidai da na gaske. Daga ina zan fara, kuma da me zan yi aiki? Sannan ko za a iya yin irin taragunmu na reluwe na zamanin dalar gyaɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dattijon nan gaskiya ya gaya maka, kuma ba laifin yayanka ba ne. Abin da ya fi cin kuɗi a masana'antar waɗannan kaya shi ne mazubin ƙarfe da ake zuba roba a ciki. Idan kamfani ya kashe kuɗi ya yi mazubi ɗaya, sai ya fitar da tarago iri guda ya yi ta shafa masa sunayen kamfanonin jirgi daban-daban, ko da waɗannan kamfanonin ba su taɓa mallakar irinsa ba. Mai saye yana ganin launi da tambari ya ɗauka ya sami iri-iri, alhali abu ɗaya ne aka sauya wa riga.

Saboda haka kada ka fara da sayen kayan aiki. Fara da zaɓen tarago guda, na kamfani guda, mai lamba guda, a shekara guda, kuma ka sami hotonsa. Duk sauran abin da zan faɗa a kan wannan ya rataya. Wanda ya ce zai ƙera "taragon Amurka na zamanin tururi" bai faɗi komai ba tukuna, domin zamanin ya yi tsawo, bai ƙare a manyan layukan ƙasar ba sai wajen 1960, kuma a cikinsa tarago ya tashi daga akwatin katako zuwa akwatin ƙarfe da aka yi wa walda. Tun ran gini ran zane: shekarar da ka zaɓa ita za ta gaya maka irin birkin da za ka sa, irin ƙafafun, irin rubutun, har yawan dattin da za ka shafa.

Bari in ɗan zayyana maka taragun rufi, wato masu kama da akwati da ƙofa a tsakiya, tunda su suka fi yawa. A ƙarshen 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta karɓe ragamar layukan dogo a ƙarƙashin hukumar USRA, ba ta mayar wa masu su ba sai Maris 1920. Hukumar ta fitar da zane na bai-ɗaya ta sa aka ƙera taragu kusan 100,000. A cikinsu akwai na rufi iri biyu: ɗaya katako ne ciki da waje, ɗayan kuma katakonsa na ciki ne kawai, ana ganin ƙarafan da suka tallafe shi a tsaye da a karkace daga waje. Daga 1924 kamfanin Pennsylvania ya shiga ƙera taragon ƙarfe da ya kira X29, ya yi kusan 30,000 cikin shekara goma. A 1937 ƙungiyar kamfanonin jirgi ta AAR ta fito da nata zanen, sannan a 1947 kamfanin Pullman-Standard ya kawo PS-1 wanda aka haɗa gefensa da walda maimakon ribit, wato ƙusoshin ƙarfe masu kai da ake haɗa falle da falle da su. Dukansu tsawon cikinsu ƙafa 40 da inci 6 ne, amma tsayinsu ya bambanta. Cikin X29 ƙafa 8 da inci 7 ne daga daɓe zuwa rufi, na AAR na 1937 kuwa ƙafa 10. A sikelin HO wannan tazara ta kai milimita 5. Kana iya cewa milimita 5 me za ta yi, amma idan ka jera taragu a kan layi ka durƙusa ka hango su, wannan hawa da sauka na rufinsu shi ne abu na farko da ke nuna jirgin kaya na shekarun 1940 ne. Jirgin da duk taragunsa suka yi kai ɗaya, mai ido ya san na kanti ne.

Ƙarƙashin tarago ma yana da kalandarsa. Tsohon birkin iska da ake kira K, a nau'insa da ya fi yawa, tankin iska da silinda a haɗe suke wuri guda. Sabon da ake kira AB ya raba su uku: silinda daban, tanki mai ɗaki biyu daban, bawul daban, da bututu a tsakaninsu. Daga 1933 aka wajabta AB a kan sababbin taragu, tsofaffi kuma aka yi ta sauya musu a hankali har aka hana masu K shiga layin wani kamfani a 1953. Haka bogi, wato keken ƙarfe mai wili huɗu da ke ɗauke da kowane ƙarshen tarago: tsohon samfurin da ake haɗawa da sandunan ƙarfe da noti an hana shi yawo tsakanin kamfanoni wajen 1940, aka koma wa na zubi. Kuma kusan duk taragun kaya na wancan zamani bakin gatarinsu, wato sandan ƙarfen da ke riƙe wili biyu, a cikin akwati mai murfi yake, ana cusa masa zare da mai. Idan ka ga bogi mai boris a fili yana juyawa a ƙarƙashin taragon da aka rubuta wa 1942, ka cire shi. Taragun sanyi masu ɗauke da manyan tallace-tallacen nama da giya da man shanu, waɗanda masu sayar da kayan wasa ke so saboda kyan launi, su ma an kawar da su daga 1937. Sa irinsu a jirgin 1950 kamar ka ga hoton hawan sallah na zamanin Sardauna ne, wani dogari yana riƙe da wayar salula.

Wani abin da ke rikita sababbin shiga shi ne tarago ba ya zama yadda aka haife shi. Da yawa daga cikin na katako na USRA an yaye musu katakon a shekarun 1930 da 1940 aka sa musu gefen ƙarfe, amma aka bar tsohon ƙashin bayan da ke ƙasa. Shi kuwa X29 yana da wata lalura: danshi na taruwa a gindin gefensa ya ci ƙarfen, sai aka riƙa yi masa faci da dogon falle a ƙasa. X29 na 1928 sumul yake, na bayan yaƙi kuwa sau da yawa da facinsa. Lamba ɗaya, tarago ɗaya, samfuri biyu daban.

To ina za ka sami shaida? Akwai kundin da ake kira Official Railway Equipment Register, wanda aka riƙa bugawa akai-akai, yana jera taragun kowane kamfani da jerin lambobinsu da awonsu na ciki da waje da adadin da ya rage a bakin aiki. Da shi za ka tabbatar ko lambar da kake son rubutawa tana raye a shekararka. Ga hotuna kuwa, ka nemi na Jack Delano, wanda ya ɗauki tashoshin kaya na Chicago da layin Santa Fe a 1942 da 1943, da yawa masu launi. Suna Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, kuma ana samunsu kyauta a intanet. Ka buɗe ɗaya ka faɗaɗa shi, ka zauna da shi rabin sa'a. Za ka koyi abin da bayani ba zai koya maka ba.

Lissafin sikeli ba shi da wuya. HO kashi ɗaya ne cikin 87.1, ƙafa ɗaya ta zama milimita 3.5, inci ɗaya ya zama ƙasa kaɗan da milimita 0.3, tazarar layi kuma milimita 16.5 a madadin 1,435. Jikin tarago mai ƙafa 40 zai zo wajen santimita 14. Wili mai inci 33 zai zama milimita 9.6. Ka rubuta waɗannan a kwali ka manna a gaban teburinka, ka kuma sayi kalifa, abin auna kauri, irin ta masu juya ƙarfe. Rula ta makaranta ba za ta kai ka ko'ina ba a nan.

Hanyoyin aiki uku ne. Ko ka gyara taragon roba da ya yi kusa da wanda kake nufi, ko ka haɗa na rezin (wata irin roba mai tauri da ake zubawa a mazubi) irin waɗanda kamfanonin Westerfield da Funaro & Camerlengo suka shahara da su, masu zuwa a falle-falle kai ka tayar, ko ka gina daga tushe da farantin robar sitirin. Ni shawarata ka fara da ta farko, da taragun da ke hannunka, ko da ba za su taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari ba. Hannunka kake horarwa, kuma gara wuƙarka ta zame a kan abin da ba ka jira wata biyu ya iso ba.

Aikin farko shi ne mariƙai, ƙarafan da ma'aikaci ke kamawa ya hau tarago. A kan na kanti an zuba su manne da jiki, sun zama kamar tudu. Ka sami reza mai baki miƙaƙƙe kamar kurfi, ka kwantar da ita, ka riƙa shafto tudun kaɗan-kaɗan, kana barin ɗigon ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, domin su ne alamar inda za ka huda. Ka goge da sanfefa mai laushi da ɗan ruwa. Ka ɗosa bakin allura a wurin don kada abin huda ya zame, sannan ka huda da baki mai lamba 79 ko 80, wanda kaurinsa bai kai milimita 0.4 ba. Da yatsa ake murza shi a cikin ɗan mariƙi, ba da inji ba, kuma kada ka bar fiye da milimita uku ko huɗu a waje, in ba haka ba zai karye kafin ka ankara. Ƙarfen gaske kaurinsa wajen kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato kusan milimita 0.22 a sikeli. Yawancin masu sana'ar suna amfani da wayar tagulla ta milimita 0.25 zuwa 0.3. Idan ba ka samu ba, siririyar tsirkiyar gita mai lamba 10 kaurinta ke nan, sai dai ƙarfe ce mai tauri, tana cin bakin almakashi. Wayar masu naɗin koyil tana lanƙwasuwa cikin sauƙi, amma da ka taɓa ta sai ta lotse. Ka huda ramuka biyu a wani guntun roba daidai faɗin da kake so, ka riƙa lanƙwasa kowane mariƙi a kansa don su fito tsawo ɗaya. Lokacin mannawa ka cusa guntun kwali mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashinsa, ka ɗiga sufa-gulu daga ciki da bakin allura, ya kama, ka zare kwalin. Wannan 'yar tazara da inuwar da take jefawa ita ce ke sauya fuskar tarago gaba ɗaya.

Idan ka zo gini daga tushe, na katako ya fi sauƙi. Allunan gefensu faɗinsu inci 3 da kwata ne, kusan milimita ɗaya a HO, kuma kamfanin Evergreen na sayar da faranti mai zane a wannan tazara. Kana iya zana naka da bayan bakin reza da rular ƙarfe, amma ka sassauta hannu: a hoton gaske layin tsakanin alluna da ƙyar ake ganinsa, masu ƙera samfuri ne ke mai da shi kwata. Na ƙarfe wahalarsa ribit, ɗaruruwa a layi, kowanne bai kai kashi uku cikin goma na milimita ba. Ana buga su daga bayan siririn faranti da allura mai dakusasshen baki, ko a sayi na mannawa da ke zuwa a takarda. Goshin tarago, wato gabansa da bayansa, da rufinsa da ƙofarsa kuwa, gara ka saye su a shirye, domin lanƙwasar ƙarfen da ke jikinsu ba ta yiwuwa da hannu cikin sauƙi. A nan ma hoto ne alƙali. Kamfanoni biyu za su sayi zanen 1937 iri ɗaya, wannan ya sa ƙofar Youngstown mai gurza-gurza, wancan ya sa ta Superior mai faifai, wannan wilin birkin hannunsa ƙirar Ajax, wancan ƙirar Miner. Ka ƙirga haƙarƙarin goshin, sama nawa ƙasa nawa, kafin ka yi oda.

Game da rezin, abu uku. Ka wanke shi da sabulu kafin komai, don akwai maiƙon mazubi a jikinsa da ke hana fenti kamawa. Gam ɗin da ke narkar da sitirin ba ya cin sa, sai sufa-gulu. Kuma ba ya son zafi: kada ka bar shi a cikin mota ko kusa da rufin kwano a watan Afrilu. In ya karkace, ruwan ɗumi da farantin gilashi da ɗan nauyi a kai za su miƙar da shi. Wajen tayar da akwatin, ka tabbatar gefe biyu tsawonsu ɗaya ta hanyar haɗa su baya da baya ka goga su tare.

Tarago kuma dole ya yi tafiya, ba ado ba ne kawai. Ƙungiyar masu ƙera samfurin jirgi ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar nauyi a HO: oza ɗaya, da ƙarin rabin oza a kan kowane inci na tsawon samfuri. Mai ƙafa 40 zai tashi wajen giram 110. Noti biyu manya a manne a daɓe, kowanne a saman bogi, sun wadatar, amma ka manne su da kyau kafin ka rufe rufin. Ƙugiyar haɗi tsakiyarta ta tsaya milimita 9.9 daga saman layi, a kowane tarago ba tare da togiya ba. Bogi ɗaya ka ɗaure shi ya juya kawai, ɗayan ka ɗan sassauta shi ya riƙa rangaji, sai tarago ya bi layi mara daidai ba tare da ya sauka ba.

Yanzu rubutu, inda gizo ke saƙar. A gefen hagu na tarago, ƙarƙashin harufan kamfani da lamba, akwai layi uku: CAPY, LD LMT da LT WT, wato kayan da aka ƙiyasta masa, iyakar abin da zai ɗauka, da nauyinsa in babu kaya. Biyun ƙarshe ba a rubuta su da ka. A wancan zamani, in ka tara su, dole su ba da laba 169,000 ga tarago mai tan 50, ko 136,000 ga mai tan 40, ko 210,000 ga mai tan 70, domin girman gatari ne ke yanke jimlar. Idan nauyin taragonka mai tan 50 laba 45,800 ne, to iyakar kayansa 123,200 ne, ba wani abu ba. Kusa da su akwai wata da shekarar da aka auna shi. Sabon tarago ana rubuta masa NEW, amma duk bayan 'yan shekaru sai an sake ɗora shi a kan ma'auni, a shafe tsofaffin alƙaluman da fenti, a rubuta sababbi tare da harufan tashar da aka yi awon. Saboda haka taragon da aka ƙera a 1937 ba zai kai 1950 yana ɗauke da NEW ba. Abin da za a gani shi ne jiki ya yi duhu da hayaƙi, ga wani ɗan faci na sabon fenti mai rubutu fari tas a kansa. Yin sa ba wuya: ka gama dattin tarago tukuna, sannan ka shafa facin ka ɗora sababbin lambobi. Rubutun da ake jiƙawa a ruwa a manna yana son jiki mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari. In ya bushe sai ka feshe duka da abin kashe sheƙi.

Kada ka wahalar da kanka neman "ainihin" jan taragon kaya. Fentin ƙasa-ƙasa ne mai arha, kowane kamfani da nasa haɗin, daga mai kama da jan bulo zuwa mai kama da makuba, kuma bayan shekara biyu a bayan kan jirgi mai cin kwal duk ya sauya. Hotunan Delano za su nuna maka taragu goma a jere babu biyu masu launi ɗaya. Dattin zamanin tururi daga sama yake saukowa: baƙin hayaƙi a rufi, ruwan sama ya jawo shi ƙasa a layi-layi, ƙura daga ƙasa ta hau gindi, mai ya jiƙe murfin gatari. Tsatsa mai cin jiki da rubuce-rubucen fenti na 'yan zamani ba nasu ba ne. Abin da ake gani shi ne rubutun alli na ma'aikatan tasha kusa da ƙofa da kusurwa, wanda fensir fari mai tsini zai yi maka. Garin alli mai launi da busasshen buroshi sun ishe ka, kuma ka bambanta: wani ya yi baƙi ƙirin, wani jiya ya fito daga shago. In lokacin hunturu ne, ka kifa roba a kan abin da ka fesa har ya bushe.

In taragu sun fara yawa, ka tuna na rufi yawo suke yi ko'ina cikin ƙasar. Jirgin Santa Fe a hamadar Arizona zai ja taragun Pennsylvania da New York Central, domin su ne masu garke mafi girma. Jirgin da duk taragunsa na kamfani ɗaya ne sai dai in na kwal ne ko makamancinsa.

Batun namu na gida, ana iya yi, kuma ni na fi son in ga ka nufi can. Amma taragon Amurka ba zai rikiɗa ya zama na reluwe don an sauya masa fenti ba. Layin da ya iso Kano a 1911 tazararsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, taragunsa sun fi ƙanƙanta, birkinsu irin na Ingila ne mai aiki da zuƙe iska, ƙugiyarsu ma daban. Dabarar da masu wannan sana'a a New Zealand suka daɗe suna yi, tunda layinsu irin namu ne, ita ce gini a sikelin kashi ɗaya cikin 64 a kan layin HO. Milimita 16.5 sau 64 ya ba da 1,056, kuskuren bai kai kashi biyu cikin goma na milimita a samfuri ba. Ka ga layin da ke hannunka da wilinsa za su yi maka aiki, ƙafa ɗaya ta zama milimita 4.76, komai ya ɗan ƙara girma, hannu ya sami sarari. In kuma ka fi son ka tsaya a 87, sai ka nemi layi mai milimita 12.

Jikin kam kai za ka gina shi tun daga tushe, kuma shaidarka tana wurin tsofaffin hotuna, da gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta da ke Legas, da taragun da aka yasar a gefen tashoshi irin su Zariya da Kafanchan. Sai ka yi hattara, wanda ke fake a yau ba lallai ne ya ga zamanin gyaɗa ba, don haka ka nemi farantin maƙera a jikin ƙashinsa, galibi akwai shekara a kai. Ka fara gaida shugaban tasha ka nemi izini kafin ka fito da tef. Ka tafi da sanda mai tsawon mita ɗaya da ka yi wa zanen baƙi da fari duk santimita goma, ka jingina ta a jikin taragon, ka ja da baya sosai ka ɗauki hoton gefe da na goshi a miƙe, ba a karkace ba. Daga nan ka auna tsawon daɓe, tazarar tsakiyar bogi zuwa bogi, faɗin ƙofa da tsayin daɓe daga saman layi. Tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke zama a bakin kwatas su ma ka tambaye su launin fentin da irin rubutun da ke jiki, domin hotunan lokacin yawancinsu baƙi da fari ne.